Gwaggo Ta Ƙi Totur

Kai ma ka gan shi, kada ka yi musu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bunkure ya ga tsohon nan da ke zama a gindin darbejiya gab da gadar kanal, da akwatin ƙarfe mai tsatsa kusa da ƙafarsa. Ka gan shi, ka kau da kai, ka ci gaba da latsa wayarka. Ba ka taɓa tsayawa ka tambayi abin da ke cikin akwatin ba, balle abin da ke cikin kan mai akwatin. To, Salisu ma haka ya yi ta wuce shi shekara da shekaru, har ranar da ta zame masa dole.

Mahaifin Salisu, Malam Tambaya direba, ya rasu ya bar gona a bakin ruwa, da gida, da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura fara wadda duk ƙauyen ke kira Gwaggo. Ta riga 'ya'yansa shiga gidan da shekara guda. Idan yaro ya hau bonet ɗinta yana wasa, sai Malam ya daka masa tsawa: "Kai, sauka daga kan gwaggonka!" Da haka sunan ya bi ta. Da rani ita ke kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan. Da kaka ita ke jigilar shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, zuwa injinan casa na Kura, ta dawo da buhunan buntu. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, kuma ita ce ta ɗauko gawar Malam daga asibiti a Kano, wani maƙwabci yana tuƙi yana share hawaye da hannun riga.

Salisu bai manta da safiyoyin yarintarsa ba. A zaunar da shi a baya tsakanin kwanduna, rana ta fara leƙowa, ruwa na gudu a kanal sumul, balbelu sun yi fari fat a kan kunyoyi, hannayensa na ƙamshin ganyen tumatir. Idan suka iso hawan gada, Malam yakan buga ƙofar mota da tafin hannu ya ce, "Bismillah, Gwaggo," ita kuma ta ja numfashi ta haye kamar ba ta ɗauki komai ba. Daga baya Salisu ya tafi Kano karatu, ya yi difloma, ya zauna a shagon sayar da waya. Motar ta koma abin da yake jin kunyar abokansa su gani. Sai da Malam ya rasu ya dawo gida ya karɓi makulli.

Wata huɗu ta yi masa lafiya lau. Bayan an gama jigilar kaka sai ta fara. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi ta silo a hankali kamar mai gyangyaɗi. Amma da ya sa giya ya taka totur, sai ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur, ta mutu. Ga shan mai kamar ana zuba shi a rairayi.

Ya kai ta wurin wani bakanike a Kura. Mutumin ya cire murfin tukunyar iska da ke kan kafireta, ya canza fulogi da matatar iska, ya murza totur da hannu, injin ya yi ruri. "Ka ji ko? Sabuwa dal!" Ya mayar da murfi ya ɗaure. Salisu bai kai gadar farko ba ta mutu. Na Garun Malam ya ce kafireta ce ta gaji, ya cire murfi, ya sa wata, injin ya yi ruri, aka mayar da murfi, ta mutu a gaban masu rake. Na uku wani matashi ne a Kano mai na'urar gwaji. Ya yi ta leƙen ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona waya, sannan ya miƙe yana dariya.

"Oga, wannan ai ta girmi kwamfuta. Ka kai ta gidan tarihi kawai."

A ƙauye kuwa magana ta riga ta ƙare. Wasu suka ce makokin mai ita take yi. Wasu suka ce ai a gareji lafiyarta ƙalau, a hanya ne ake riƙe ta, don haka ba aikin sifana ba ne. Halinmu ke nan! Abin da muka yi ƙyuyar bincikawa sai mu ɗora wa aljani, ko mu ce haka Allah ya so, mu kaɗe riga mu tashi kamar mun yi wani abin kirki.

Ranar Alhamis da la'asar, yayansa Abbas ya same shi a ƙofar gida, kansa a cikin bonet, waya a hannu yana kallon wani Bature yana kwance injin da ko kama da na Gwaggo bai yi ba.

"Malam injiniya, an gano?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"Tun watan jiya saura kaɗan. Tumatir ya nuna a gona, motar haya muke jira kamar marayu. Na yi magana da 'yan gwangwan. Jibi Asabar bayan azahar za su zo da abin yanka."

Salisu ya ɗago da sauri har ya buga ƙeya. "Yanka? Motar Baba za a yanka a auna a sikeli?"

"To a jiƙa ta mu sha? Ni ma ubana ne, Salisu, na riga ka hawanta. Idan ta hau gadar can da kaya kafin su zo, ka ci gaba da tuƙa abarka. Idan ba ta hau ba, kada ka ƙara yi mini maganarta."

Mahaifiyarsu, Inna Habiba, tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, duk ta ji. Da Salisu ya shigo wanke hannu, ba ta ɗago ba ta ce, "Mahaifinku dai bai taɓa kai ta wurin kowa ba sai Gidaɗo."

"Inna, Baba Gidaɗo ai yanzu ko gani ba ya yi sosai."

"Masu ganin da ka kai wa me suka gani?"

Washegari Juma'a da hantsi ya kama hanya. Tun da Gwaggo ta ƙi totur, sai ya sa ta a giya ɗaya ya ɗauke ƙafa, ta riƙa rarrafawa da silo a gefen titi. Masu keke suka wuce shi. Wani mai jaki da kayan albasa ya wuce shi, ya waiwayo ya ce, "Direba, ko in ɗaure ka a wutsiya?"

Baba Gidaɗo, mai akwatin nan na gindin darbejiya, tsohon bakanike ne, ya yi aiki a garejin aikin ruwa tun lokacin da ake haƙa kanal ɗin nan, zamanin da katafila ke kwana a inda yanzu shinkafa ke tsiro. Asalinsa ɗan makiyaya ne, ya bar sanda ya kama sifana. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, sai inuwa-inuwa. Amma tun motar na nesa ya karkata kai, ya ajiye carbinsa.

"Wannan ƙarar ƙofar hagu ta Tambaya ce," in ji shi da Salisu ya tsaya. "Shekara talatin ina ce masa ya sa mata ƙusa, ya ce idan ta daina ƙara matarsa ba za ta san ya dawo ba. Wane ne a ciki, babban ko ƙaramin?"

Salisu ya durƙusa. "Ƙaramin ne, Baba. Salisu. Ina kwana?"

"Ɗan bokon. Lafiya lau. Kai ne kake wuce ni kamar kututture. To, me kuka yi mata?"

Salisu ya fara zuba bayani, yana haɗawa da Turancin da ya ji a waya. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ni da Hausa na koyi inji, da ɗan Fillanci idan ya ba ni haushi. Tayar da ita, ka kai ni bayanta."

Ya kama hannun Salisu har bakin salansa. Ya tara tafinsa a hayaƙin, ya kai hanci ya shinshina, ya murza yatsu. Ya sa aka kashe, aka kwanto fulogi guda. Ya shafa bakinsa da babban yatsa.

"Baƙi ne?"

"Ƙirin, Baba."

"Amma busasshe, kamar gindin tukunya. Da baƙin mai ne ke hawa, da ya yi danƙo. Wannan fetur ne bai ƙone ba. Yaushe ta fara?"

"Bayan kaka."

"Me kuka yi da kaka?"

"Jigilar shanshera da buntu, kamar yadda Baba yake yi."

"Uhm. Waɗanda ka kai wa, ta mutu a gabansu?"

"Ko sau ɗaya. A gabansu ruri take kamar zaki. Sai na hau hanya."

"Da suke gwada ta, murfin tukunyar iska yana kai ko yana ƙasa?"

Salisu ya ga hoton murfin nan a ƙasa a Kura, an zuba ƙusoshi a ciki. Ya gan shi a kan benci a Garun Malam.

"Yana ƙasa, Baba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ka ga aikin 'yan zamani! Inji, ɗan nan, abinci biyu yake ci, fetur da iska. Idan aka ce fetur ya yi yawa, kowa sai ya ruga wurin fetur. Wani lokaci fetur ɗin yana nan yadda yake, iskar ce ta gaza. Ka taɓa ganin saniya da igiya ta shaƙe? Tana tsaye tana tuƙa, ba ka gane komai. Kore ta da gudu ka gani, nan take za ta durƙushe. Cire murfin ka taka."

Salisu ya cire, ya tayar, ya taka totur har ƙasa. Gwaggo ta yi rurin da ya kori tsuntsaye daga darbejiya. Ya mayar da murfi, ya sa giya, ya taka. Ta yi tari ta mutu.

"Amma Baba, matatar sabuwa ce. Ni na ga an sa."

"Iska daga matata take farawa? Ba ni hannunka."

Ya sunkuya cikin bonet, yana lalube kamar mai duba haƙarƙarin sa a kasuwa. Daga tukunyar iska yatsunsa suka bi wani baƙin tiyo mai kauri, suka bi shi har ya kurɗa bayan fitilar dama ya ɓace a ƙarƙashin ƙarfen da ke saman taya.

"Wannan ba aikin kamfani ba ne. Ɗaurin wayar nan na Tambaya ne, shi ne mai murɗa waya ta hagu. Bai taɓa nuna mini ba, ja'iri. Buɗe akwatin can, akwai doguwar waya mai ƙugiya."

Salisu ya kwanta a ƙasa, ya zura wayar ta bakin tiyon. Ta shiga kamu ɗaya, biyu, sai ta tokari wani abu mai taushi. Ya murɗa, ya ja a hankali. Abin da ya fito kamar mushen ɓera: dunƙulen tsumma, ya sha ƙura da buntu da maiƙo har ya yi tauri, da guntun zare ruɓaɓɓe a jikinsa.

Baba Gidaɗo ya karɓa ya mammatsa. "Ga aljanin naku. Da silo iska kaɗan take ja, sai ya kwanta ya bar mata hanya. Da ka taka, sai iska ta tashe shi ya toshe maƙogwaro, kafireta ta yi ta tsotsar fetur zalla har ta shaƙe. Ta mutu, ya koma ya kwanta abinsa."

"Wa zai cusa mana tsumma a mota? Wallahi Baba akwai masu baƙin ciki a garin nan."

"Kai dai akwai gaggawa. Mai baƙin ciki zai tsaya ɗaura zare? A bakin tiyon aka ɗaure shi, zaren ya ruɓe ya faɗa ciki. Ubanka ya yi wa buntu shinge ne. Yadda yake kula da shi kuwa ban sani ba, ka tambaya a gida. Je ka, kada ka rasa Juma'a. Ka ce ina gaida Habiba."

Salisu ya dawo gida a giya huɗu, iska na kaɗa masa riga, mai jakin nan ya ga wucewarsa kawai. Bayan an sauko daga masallaci ya shiga wurin Inna, ya ajiye dunƙulen a bakin rijiya.

"Inna, kin ga abin da ya hana mu barci."

Ta dube shi. Ta ajiye muciya, ta ɗebo ruwa a kwano, ta tsoma tsumman ta fara cuɗawa. Ruwan ya yi baƙi, ta zubar, ta sake. A ruwa na uku zanen ya fara fitowa: atamfa ruwan goro mai ɗigon ganye kore.

"Ni na yanka masa wannan," ta ce. "Sati biyu kafin ya kwanta."

Sannan ta ba shi labari. Shekarar da Malam ya fara jigilar injinan Kura, buntu ya riƙa cika masa matata duk bayan kwana uku. Shi ne ya ja tiyo zuwa inda ƙura ba ta da yawa, ya roƙe ta ƙyalle ya ɗaura a baki. Sabuwar atamfa ba ta yi, iska ba ta ratsa ta. Sai zanen da ya sha wanki har ana ganin rana ta cikinsa. Guda biyu take yanka masa. Duk Juma'a idan ya dawo daga sallar asuba, ya kwance na jiki ya miƙa mata, ta ba shi wankakke da sabon zare, kafin kowa ya tashi. Shekara talatin da wani abu ba su tsallake Juma'a ba.

"Da ya rasu ina cikin takaba, hankalina ba ya jikina. Da na fita, na ga kullum kana cikin bonet da waya a hannu, ga makanikai na birni. Na ce ai ka sani. Wa zai gaya wa mai difloma maganar tsumma?"

"Inna, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kai me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Salisu ya sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki, ta buɗe adaka, ta fito da ɗan'uwan ƙyallen, a ninke, wankakke, yana ƙamshin turaren kaya. Wata bakwai yana jiran Juma'arsa.

Ranar Asabar tun da sassafe aka tsinke tumatir. Kafin azahar Salisu ya jera kwanduna a bayan Gwaggo har sama, ya ɗaure da igiya. 'Yan gwangwan suka iso a kan lokaci, su biyu a Keke Napep, da tukunyar gas da abin yanka. Abbas ya fito yana gyara hula, ya ga kaya, ya ga ƙanensa a kan sitiyari.

"Wannan kuma wane wasa ne? Idan ta mutu a gada da tumatir ɗin mutane, da kanka za ka sauke."

"Shigo mu je, Yaya."

Abbas ya juya zai yi magana, idonsa ya faɗa ta ƙofar gida a kan igiyar shanya, inda tsumman jiya ke lilo. Ya tsaya.

"Wancan ƙyallen... ba shi ne irin wanda Baba ya taɓa marina a kansa ba? Na goge takalmin makaranta da shi. Har yau ban san laifina ba."

"Shigo, in gaya maka laifinka a hanya."

Inna, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta leƙo daga soro ta ce wa Salisu, "Ka ce wa wancan ya ja ƙofar da ƙarfi, ba ta rufuwa da lallashi."

Suka tafi, 'yan gwangwan na biye da su a baya kamar ungulu. Ruwa na gudu a kanal, balbelu na kan kunyoyi. Da suka doso hawan gada, Salisu ya rage giya. Kafin ya taka, sai ya ji an buga ƙofa daga waje da tafin hannu. Abbas ne, ya zura hannu ta taga, yana kallon gaba.

"Bismillah, Gwaggo," in ji shi.

Salisu ya taka. Ta ja numfashi ta haye, ba tari, ba hayaƙi. A ƙasan gadar Abbas ya ce a tsaya. Ya sauka ya je ya sallami 'yan gwangwan, ya ba su haƙuri da rabin kwandon tumatir. Da ya dawo bai shiga mota nan da nan ba. Ya ɗauki wani kwandon, ya tsallaka titi zuwa gindin darbejiya, ya cire takalmi ya durƙusa.

Yanzu duk Juma'a Salisu ke kwance ƙyalle ya kai wa Inna, duk Talata kuma yana zama a gindin darbejiya da littafi, tsohon na faɗa yana rubutawa, ana yi ana zaginsa da Fillanci. Amma shi ɗaya ne, kuma Baba Gidaɗo ya haura tamanin.

Saura kai. A garinku ma akwai irin tsohon nan, kuma kullum kana wuce shi. A cikin gidanku akwai tsohuwar da ke riƙe da abin da babu shi a wayarka, ta yi shiru don ta ɗauka ka sani. Motar Malam Tambaya saura kwana ɗaya a yanka ta saboda tambayar da ba a yi ba. Kada ka ce sai an kwana biyu, su ba su da kwanakin da za su ba ka aro. Ka ajiye wannan takarda, ka ɗauki biro, ka je ka durƙusa a gabansu yau ɗin nan ka tambaya.